Wasiƙun da Malami Ba Ya Zubarwa

Karo na bakwai ke nan Malami yana danna wurin da ake dannawa idan ana son sababbin wasiƙu su shigo. 'Yar da'irar nan ta juya, ta juya, ta tsaya. Babu abin da ya shigo. Wasiƙar da ke saman jeri tana nan yadda take, ta Talatar makon jiya, gayyatar wani taro da tuni an yi shi an watse.

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, sai ka ce laifin tabarau ne.

Malami shi ne sakataren ƙungiyar manoman albasa ta fadamar Danchadi. Ofishinsu ɗaki ɗaya ne a Bodinga, tsakanin wani tela da mai sayar da maganin feshi. Shekararsa goma sha tara yana riƙe da takardun ƙungiyar, kuma duk wanda ya ce ya taɓa ɓatar da ko guntuwa, to rigima yake nema. Da aka kawo kwamfuta shekara shida da suka wuce bai ji tsoronta ba. Ya sa telan nan ya ɗinka mata riga da ragowar shadda, kullum in zai tashi sai ya lulluɓe ta. Manhajar imel da aka saka masa a ciki kuwa, ya san ta kamar yunwar cikinsa. Da safe ya buɗe, ya karanta abin da ya zo, ya ba kowa amsa da gaisuwa cikakkiya, sannan ya aika a kawo masa koko da ƙosai. Rayuwar ta yi masa daidai, ba ya neman ƙari.

Shi ya sa da aka yi kwana tara ba wasiƙa, bai damu ba. Ya ɗauka duniya ce ta yi lafiya.

Abin da ya ta da zaune tsaye shi ne zuwan shugaban ƙungiya, Alhaji Badaru, da misalin ƙarfe tara. Alhaji mutum ne mai jiki da murya, ga saurin fushi, ga saurin hucewa. Ko zama bai yi ba.

"Malami, ina takardar iri?"

"Wace takarda, ranka shi daɗe?"

"Ta irin albasa mana! Jiya na gamu da Sha'aibu na Mandera wurin suna, yac ce su tun Litinin sunka cike tasu sunka maida. Yau Alhamis, ƙarhe huɗu za a ruhe. Kai kana nan zaune kana shan koko!"

Malami ya san maganar. Wata hukumar tallafa wa manoma ce a Sakkwato za ta raba sabon irin albasa, wanda ake cewa yana daɗewa a ajiye bai ruɓe ba. An ce za a turo wa kowace ƙungiya fom ta imel, ta cike sunayen mutanenta ta mayar. Wanda bai mayar a kan lokaci ba sai baɗi. Mutum sittin da uku ne a Danchadi suka gyara wurin yafa iri suna jira.

"In munka rasa irin ga," in ji Alhaji, "kai za ka tahi Danchadi ka hwaɗa musu da bakinka. Ni ba ni zuwa." Ya kaɗa babbar riga ya fita.

To, tun daga lokacin Malami yake fama. Ya kashe kwamfuta ya kunna. Ya zare modem, ɗan abin nan da ke kawo intanet, ya hura masa iska ya mayar. Ya ɗaura shi a jikin taga da zare, don an ce sabis ya fi ƙarfi a sama. Ya buɗe shafin labarai, ya ga ya buɗe lafiya lau, ashe ba sabis ba ne. Ya sake rubuta kalmar sirri a hankali da yatsa ɗaya. Daga ƙarshe ya rubuta wa kansa wasiƙa, har da sallama, ya aika. Ta tafi, amma ba ta iso ba. Mutum ya aika wa kansa saƙo ya ɓace a hanya, wannan abu ya ɗaure masa kai.

Ya kira Malam Haruna, jami'in da ke kula da rabon irin.

"Sau biyu na turo muku," in ji Malam Haruna, "duka biyun suka dawo mini."

"To, in hau babur in zo in amsa da hannu?"

"Ba a karɓa da hannu, Malam. Kuma sai ta adireshin da kuka yi rajista da shi, saboda masu sojan gona. Ku gyara akwatin imel ɗinku, ka kira ni in sake turowa. Amma ƙarfe huɗu na cika hannuna ya fita."

Saura mutum ɗaya, kuma ita ce Malami ya so ya kauce wa. Fiddausi 'yar kawunsa ce, wato taubashiyarsa. Tana da shagon kwamfuta a Shagari inda take buga wa mutane takardu tana kuma koya wa matan aure aikin. Uwar 'ya'ya huɗu ce, amma bakinta bai tsufa ba, musamman a kansa.

"Ka kawo ta," ta ce a waya. "Ina da aji ƙarhe sha biyu, ba ni iya hitowa. Akwatin kwamfutar kaɗai za ka ɗauko, kak ka ɗauko mini tebur da kujera."

Ya naɗe kwamfutar cikin rigarta, ya ƙara da darduma, ya ɗaure a bayan babur da roba. Hatimin ƙungiya ya jefa a aljihu, don bai taɓa fita aiki ba tare da shi ba. A hanya ana ta yankan gero, amalanke na wucewa da dammuna. Shi dai tafiya yake a hankali yana kauce wa ramuka, hannu ɗaya na komawa baya yana taɓa kayan.

Sai wajen ƙarfe ɗaya Fiddausi ta sallami ɗalibanta. Ta dubi ƙunshin da ya ajiye a kan tebur ta riƙe haɓa.

"Taubashi, kwamfuta ta ko jinjiri? Har da rigar suna?"

"Ɗiyar kawu, yau ba ranar wasa ba ta. Diba mini."

Ta jona wayoyi, ta haɗa da nata allon, ta buɗe manhajar. Ba ta yi minti biyu ba ta nuna masa wani ɗan layi ja a can ƙasa, a kusurwar da bai taɓa kai ido ba.

"Ka ga wanga? Akwatinka ya cika maƙil. Ko allura ba ta shiga."

"Kwamfutar ta cika?"

"A'a. Kwamfutarka na da wuri awa hilin idi. Wasiƙun ba cikinta suke kwana ba. Can suke wurin kamfanin da ƙungiyarku ta kama akwati, ita manhajar ga leƙo su kawai takai. Akwatin kuwa ƙarami na. Wasiƙa ta zo ta iske ba wuri, sai ta koma wurin mai ita." Ta gangara ƙasa kaɗan. "Diba, har gargaɗi sunka turo ma sau ukku. Ba ka buɗe ko ɗaya ba."

"Ke kic ce kar in buɗe wasiƙar da ban san mai ita ba."

"Yau ga ranar da kaj ji maganata!" Ta yi dariya har da buga tebur. "To, abu mai sauƙi na. Mu share tsohhin, wuri shi samu."

Ta zaɓi wasiƙun shekarun baya gaba ɗaya, allo ya yi shuɗi. Ta ja linzamin kwamfuta zuwa ga wani ɗan hoto a sama, hoton kwandon shara da murfinsa.

"Tsaya!"

Yadda ya faɗe ta sai da wata mata da ke jiran a buga mata takarda ta waiwayo. Malami ya miƙe tsaye, hannunsa a kan tebur kusa da linzamin.

"Ba a sa su nan," ya ce.

"Don mi?"

"Buɗe ɗaya ki gani."

Ta buɗe. Wasiƙar wani malamin gona ce, ta fara da sallama, ta ƙare da Allah ya taimaka. Ta buɗe wata, bisimilla ce a samanta.

"Duk haka suke," in ji Malami. "Wadda ba sunan Allah cikinta ina sharewa, ban da matsala da ita. Amma wagga, in ɗauka da hannuna in jefa kwandon shara? Ko ta takarda ban taɓa yi ba. Gwangwani gare ni ohis, in ya cika in ƙone in bizne tokar. To wagga ina zan ƙone ta?"

Fiddausi ta buɗe baki za ta yi dariya, sai dariyar ta tsaya a hanya. Ta tuna mahaifinta, yadda in yana tafiya ya ga guntuwar takarda mai rubutun Arabiyya a ƙasa sai ya duƙa ya ɗauka, ya kaɗe, ya soke ta a tsagar bango. Gidan da ya yi ta shi ya yi Malami.

"Taubashi," ta ce a hankali, "hoto na kawai. Ba shara ciki. Malamai ma sun ce ba laihi. Allo ba wanke shi akai ba?"

"Ana wankewa. Amma kin taɓa ganin an zuba ruwan cikin kwata?"

Ta ɗaga ido. Agogon bango ya nuna ɗaya da rabi.

"Ji nan," ta ce. "In munka share, minti ɗaya an gama. Akwai wata hanya, a kwaso su daga can a aje su cikin kwamfutarka. Amma wasiƙa dubu tara ta, ga sabis ɗin yau awa tahiyar hawainiya. Muna iya kai magariba."

Malami ya koma ya zauna. Ya ga fuskokin mutanen Danchadi ɗaya bayan ɗaya, ya ga kansa tsaye a gabansu bayan sallar Juma'a yana neman inda zai fara. Ya ji tsoro ƙwarai. Amma da ya sake duban ɗan kwandon nan, sai ya ji hannunsa ba zai iya ba, kuma ba zai iya cewa wani ya yi masa ba.

"Kwaso su," ya ce. "Allah na nan."

"Kai dai taurin kai gare ka awa jakin kawunka." Ta gyara zama. Can sai ta ɗaga yatsa. "Tsaya ma. Wa yac ce sai mun kwashe duka? Wuri kaɗan muka bukata. Mu jera su bisa nauyi, mu hwara da manya."

Ta danna wani wuri a saman jerin, wasiƙun suka sake layi, masu nauyi a sama. Fiddausi ta matso da fuska kusa da allo. Ta gangara, ta gangara, ta sake gangarawa. Suna ɗaya ne tun daga sama har inda ido ya tsaya: Alhaji Badaru. Kan maganar ma ɗaya ne: Barka da Juma'a.

Ta buɗe ta farko. Hoton masallaci ne mai motsi, furanni na zubowa, ana karatu a ciki na minti tara. Ta biyu addu'a ce da taurari ke kewayawa. Ta uku wa'azi ne guda cur.

"Wagga ɗaya ta hi wasiƙa dubu nauyi," in ji ta. "Guda nawa ne haka? Ɗari biyu da wani abu! Malami, mi na na wanga?"

Malami ya sosa ƙeya. Abin ya samo asali ne shekara huɗu da suka wuce, lokacin da Alhaji ya sayi babbar waya. Duk Juma'a yakan tura wa jama'arsa gaisuwa. Sai ya lura Malami kaɗai ba ya samu, domin wayarsa ƙarama ce mai tocila, ba ta ɗaukar hoto. Abin ya dame shi, har ya sa aka nuna masa yadda zai riƙa turawa ta imel ɗin ofis. Tun daga ranar bai taɓa fashi ba, ko yana asibiti, ko yana Makka.

"Ashe mai kuka shi ya yi duka," in ji Fiddausi. Ta dafe ciki tana dariya. "Bari shi zo!"

Ta buɗe sabuwar ma'ajiya a cikin kwamfutar kanta, ta ce ya ba ta suna. Ya ce a sa Rumbu. Ta ja ashirin na sama ta zuba a ciki. Wani koren layi ya fara tafiya a hankali.

"In sun zo nan, na can hwa?" ya tambaya.

"Sun taso na. Awa ka kwashe dammuna daga gona ka kai gida. Ba abin da anka zubar."

Ya je masallacin kusa ya yi azahar. Da ya dawo koren layin ya kai ƙarshe, jan layin ƙasa kuma ya ja baya ya zama ruwan ɗorawa. Ya kira Malam Haruna, ya kira Alhaji ya ce ya taho Shagari ya sa hannu. Suka zauna suna kallon allo. Ƙarfe biyu da minti ashirin kwamfutar ta yi 'yar ƙarar nan da ya kwana tara bai ji ba. Wallahi sai da ya ji daɗinta har cikin ƙashi.

Sunayen mutum sittin da uku suna nan a rubuce tun watan jiya, da unguwa da girman gona, don Malami ba ya barin aikin yau sai gobe. Fiddausi ta kwafe su cikin fom, shi yana karantawa tana dubawa. Suka buga a takarda. Kafin Alhaji ya iso ta sa Malami ya ja wasiƙa biyar da hannunsa ya kai Rumbu, ya sake, har hannun ya saba.

"Duk Assabar ka yi haka," ta ce. "In ka sake kawo mini ita cikin zanen goyo, sai ka biya ni da buhun albasa."

Uku da 'yan mintoci motar Alhaji ta tsaya a ƙofa. Ya shigo yana share gumi, ya amsa gaisuwar Fiddausi a gurguje, ya sa hannu. Malami ya ciro hatimi ya hura masa ya buga. Aka ɗauki hoton takardar a na'ura, aka maƙala a jikin wasiƙa, Malami da kansa ya rubuta sallama a sama ya danna aikawa. Wasiƙar ta ɗan tsaya a akwatin fita, tsayuwar da ta sa Alhaji ya fara salati da ƙarfi, sannan ta wuce. Ba a jima ba wayar Malami ta yi ƙara.

"Ta iso," in ji Malam Haruna. "Kuna ciki. Talata ku turo mota."

Alhaji ya zauna a benci, bencin ya yi ƙara. Ya yi hamdala sau uku, ya ce a kawo wa kowa lemo mai sanyi har da matar da ke jiran takarda. Da ya sha rabin kwalba sai fushin ɗazu ya tuna da shi.

"To, Malama, hwaɗa mini gaskiya. Mi yaj jawo muna wanga tashin hankali?"

"Akwatin na yac cika, Alhaji."

"Da mi? Wa ac cika shi? In wani na ka turo muna tarkace, ki ba ni sunanai yanzun ga. Ko wa na, ni zan ja mai kunne gaban jama'a."

Fiddausi ta dubi Malami, idonta na rawa. Hannunta na kan linzami, danna ɗaya ya rage sunan ya cika allo. Taubashiya ba ta taɓa samun nama a baki kamar na yau ba.

Malami ya dubi Alhaji, ga gumi a wuya, ga hula ta karkace. Mutumin nan ya yi masa faɗa ya fi a ƙirga. Amma a duk faɗin duniya, in aka cire iyalinsa, wa ke tunawa da shi duk Juma'ar Allah shekara huɗu ba fashi? Ya san in aka faɗa, Alhaji zai ji kunya, ya yi dariyar yaƙe, kuma daga ranar ba zai sake turowa ba. Sai ya ji ba ya son hakan ko kaɗan.

"Laihina na, ranka shi daɗe," ya ce. "Rumbu ya cika ban kwashe ba. An nuna mini yadda akai, ba ya sake hwaruwa."

Fiddausi ta saki linzamin, ta ɗauki lemonta ta kai baki don ta ɓoye fuska.

"Ato," in ji Alhaji. "A riƙa lura." Ya miƙe, ya gyara hula, ya ce a sa kwamfutar a bayan mota kada ta sha wahalar babur sau biyu. Har ya kai ƙofa sai ya juyo, fuskarsa ta washe, fushi ya tafi kamar ba a yi ba.

"Af, Malami, gobe Juma'a. Na samu wani sabo, wani ɗan'uwa yat turo mini daga Madina. Ya hi duk na baya, minti ashirin na cur. Da sassahe zan turo ma."

Fiddausi ta ƙware da lemo.

"Allah shi kai mu, ranka shi daɗe," in ji Malami. "Turo. Akwai wuri."